FILIN MANOMA: Tsakuwar Ƙoda Da Magungunan Itatuwa

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan shuka, sa'ad da a ke yankan alkama a bakin kanal, ana kuma sharar gonakin tudu, akwai wani ciwo da ya kan kayar da ƙarti majiya ƙarfi a ƙasar Tiga. Mutum yana cikin aikinsa lafiya lau, sai ya ji kamar an soke shi da mashi a kwiɓi ɗaya, ta wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Ciwon ya riƙa murɗawa yana gangarowa mara, wani lokaci har maraina. Ba zama, ba kwanciya, sai birgima da gumi, wani ma har da amai. In ya yi fitsari ya ga ya yi ja. Galibi haka tsakuwar ƙoda ta ke yin sallama.

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, abin da a kan fara yi shi ne a nemo jiƙo ko tsimi, gama mai magani ya fi asibiti kusa, ya kuma fi shi araha. Ba aibi ba ne manomi ya nemi sauƙi daga abin da ƙasarsa ta tsirar. Amma lalle ya kamata ya san abin da kowane tsiro zai iya yi masa, da abin da ba zai iya ba, da kuma wanda zai kashe masa ƙodar ɗungum yana zaton magani ya ke sha.

Da farko sai a kawar da wata magana da ta daɗe tana yawo a kasuwanni, wai tsakuwar da ke cikin shinkafa 'yar gida ita ce ke gangarawa ƙoda. Ba haka ba ne, kuma bai kamata a ɓata wa manoman shinkafa na Tudun Wada suna a banza ba. Tsakuwar da mutum ya haɗiye hanji ta ke bi, ta fita da bayan gida. Babu wata ƙofa tsakanin hanji da ƙoda da za ta bi. Iyakar ɓarnarta a haƙori ne. Haka nan yashin da ke cikin ruwan rafi. Tsakuwar ƙoda a can cikin ƙodar a ke ƙera ta.

Ga yadda abin ya ke. Ƙoda biyu ne ga mutum, kowace siffarta kamar ƙwayar wake, girmanta kuwa kamar dunƙulen hannunsa. Aikinsu tace jini dare da rana. A kwana ɗaya su kan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, su mayar da kusan dukansa, su bar lita 1 da rabi ko 2, shi ne fitsari. A cikin wannan ɗan ruwa ne a ke narkar da dukan gishirin da jiki ba ya bukata. To, duk wanda ya yi noman rani ya san abin da ke samun fili in ruwa ya yi ƙaranci, rana kuwa ta yi yawa: ruwan ya ƙafe, ya bar fari-farin gishiri a kan kunya. Haka ya ke a ƙoda. Manomi yana iya zubar da gumi lita guda a sa'a ɗaya in yana aikin ƙarfi a ranar bazara, sa'ad da zafi ke wuce awo 40. In bai mayar da wannan ruwa ba, fitsarinsa ya yi kaɗan, ya yi kauri, gishirin ya fara daskarewa, ƙwaya a kan ƙwaya, har ya zama tsakuwa. Wajen 8 cikin 10 na tsakuwoyin nan na kalsiyam ne, watau sinadarin da ke gina ƙashi, wanda galibi ya kan haɗu da wani sinadari mai suna oksalet, wanda a ke samu a wasu ganyaye. Wajen 1 cikin 10 na wani tsami ne da a ke kira yurik, mai yawaita ga masu cin nama da kayan ciki. Akwai kuma waɗanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa a hanyar fitsari.

Daga kowace ƙoda akwai wata 'yar siririyar hanya da ke kai fitsari mafitsara. Tsawonta santimita 25 zuwa 30, faɗinta kuwa milimita 3 ko 4 kaɗai. Muddin tsakuwa tana kwance a cikin ƙoda, sau da yawa ba a jin ta. Ranar da ta taso ta shiga wannan hanya ta tokare, fitsari ya taru a bayanta, ƙoda ta kumbura, ranar ce mutum ke birgima.

Saboda haka girman tsakuwa shi ne kan magana, kuma manomi zai fi gane shi da awon hatsi. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, watau kamar ƙwayar gero zuwa ta dawa, wajen 7 cikin 10 su kan fita da kansu, ko an sha magani ko ba a sha ba. Daga milimita 5 zuwa 10, kamar ƙwayar wake ko ta masara, kusan rabi ne ke fita. Wadda ta wuce haka, ta kai ƙwayar gyaɗa, da wuya ta fita sai an taimake ta.

Wannan shi ya sa kowane mai shimfiɗar magani a kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Tiga yana da shaidun da za su rantse maganinsa ya warkar da su, kuma ba ƙarya su ke yi ba. Sun sha, tsakuwa ta fita. Abin da ba su sani ba shi ne ko da ma za ta fita. Ma'aikatan gona na Samaru da na tashar gwaji ta Kadawa ba su yarda da taki ko sabon iri don kawai gona ta yi kyau. Sai sun bar wasu kunyoyi ba taki, a gefen waɗanda a ka sa wa, sa'an nan a auna amfanin kowanne da kaka. In ba a yi haka ba, sai a yaba wa taki alhali aikin damina ne. Da irin wannan awo za a duba itatuwan nan ɗaya-ɗaya.

Waɗanda ba su da laifi

Wanda ya fi suna a duniya duka wajen wannan ciwo wata 'yar ciyawa ce da manoma ke nomewa su yar, watau geron tsuntsaye. Ta kan fito da damina a wuri mai laima, a lambu da gefen magudana. Ba ta cika wuce gwiwa ba, ganyenta ƙanana a jere kamar na tsamiya, in an juya reshen sai a ga 'ya'ya ƙanana kamar gero a jere a ƙarƙashinsa. Tana da ɗaci. A Birazil da Feru sunan 'yar'uwarta ma'anarsa mai fasa dutse, kuma can ma dafa ta a ke yi a sha. A 2004 likitocin birnin Sawo Paulo su ka gwada ta a kan mutum 69 masu tsakuwar kalsiyam. An ba 33 maganin, an ba 36 wani abu mai kama da shi wanda ba magani a ciki, har wata 3. Da a ka auna, ba a ga bambanci wajen fitar tsakuwa ba. Abin da a ka gani shi ne, waɗanda kalsiyam ya yi yawa a fitsarinsu, ya ragu. Watau sunan ya fi aikin girma. Ba ta fasa dutse, amma mai yiwuwa ne ta rage saurin taruwar sabo. Wanda zai sha, ya sha dafaffen ganye tsarara, ba mai kauri ba, kuma kada ya ɗebo ta daga gefen gonar da a ka yi wa feshi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce yanzu da maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonakin masara na Doguwa, gama akwai irinsa, kamar farakwat, da ke ƙona ƙoda da huhu. Mace mai ciki ta ƙyale ta. Mai shan maganin ciwon sukari ko na hawan jini ya fara tambayar likita.

Lemun tsami ya fi ta hujja, ko da ya ke ba a cika ɗaukarsa magani ba don yana da arha. A cikin ruwansa akwai sinadarin sitiret, wanda in ya isa fitsari ya kan kama kalsiyam ya hana shi daskarewa. Likitoci ma da kansu su kan ba masu tsakuwa sitiret a ƙwaya. A 1996 an gwada a Amurka, a kan mutum 12 waɗanda sitiret ya yi ƙaranci a fitsarinsu. Kowa ya riƙa shan ruwan lemo wajen rabin kofi, a gauraye cikin ruwa lita 2, kowace rana, sai ya ƙaru ga 11 daga cikinsu. Nasu lemon babba ne mai ruwan ɗorawa, amma ɗan ƙaramin na nan bai gaza shi tsami ba. A matse shi cikin jarkar ruwan da za a tafi da ita gona, ba sukari. Kada a sha shi zalla, domin yana cin haƙori, yana kuma tayar wa mai gyambon ciki da ciwo. Gidan da ke da rijiya, ko manomin da ke da fili kusa da ruwa, bai yi asara ba in ya dasa gindi 1 ko 2.

Zoɓo kuwa sai a yi masa adalci. A 2008 an gwada shayinsa a ƙasar Tailan a kan mutum 18 har kwana 15, a ka ga yana ƙara fitar da tsamin yurik ta fitsari, amma ba a nuna ya narkar da tsakuwa ba. Yana ɗan sauke hawan jini. Abin sha ne mai kyau in ba a cika shi da sukari ba. Gemun masara, wanda mata ke dafawa don ya sa fitsari, an daɗe ana shan sa a ƙasashe da yawa, ba a san shi da cutarwa ba. Zogale ma ana ambatonsa, amma gwajin da a ka yi da saiwarsa a kan ɓeraye ne, mutum kuwa ba ɓera ba ne.

In an lura, dukan waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: da ruwa a ke shan su, kuma da yawa. Mutumin da bai saba shan ruwa ba sai ƙishi ya kama shi, in mai magani ya ce ya sha ƙwarya guda safe, rana, da dare, ya kan bi, don ya biya kuɗi. Rabin aikin jiƙon ko fiye na ruwan ne. Shi ruwan kuwa an auna shi awo na gaske. A birnin Parma na Italiya an ɗauki mutum 199 waɗanda su ka yi tsakuwa karo na farko, a ka raba su biyu. An ce wa kashi ɗaya su riƙa shan ruwa har fitsarinsu ya kai lita 2 a kwana, a ka bar ɗaya kashin yadda su ka saba. Bayan shekara 5, a 1996, a ka bayyana sakamako: masu shan ruwa 12 cikin 100 ne tsakuwa ta komo wa, sauran kuwa 27 cikin 100. Har yanzu babu wani ganye da ya nuna irin wannan.

Ga ɗan kasuwa ko akawu da ke zaune a inuwa, lita 3 a kwana ta isa, watau ruwan leda 6. Mai yankan alkama, ko mai ban ruwa, ko masunci da ke yini a kan dam, ya fi haka bukata. Ma'aunin da ba ya kuskure shi ne launin fitsari. In fari-fari ne, ruwa ya isa. In ya yi kamar shayi, ƙoda tana aiki da ƙishi. Direbobi da masu tsaron shago su ne su ka fi laifi a nan, gama su kan ƙi shan ruwa da gangan don gudun neman wurin tsugunno. Azumi ma sai an yi masa dabara in ya faɗo cikin zafi, kamar na 2024 da ya kama daga Maris zuwa Afrilu, da na 2025 da ya cinye Maris. A rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur, kada a ɗura shi gaba ɗaya. Kankana da gurji da kunun tsamiya duk suna cikin lissafi. Wanda likita ya ce ƙodarsa ko zuciyarsa ta yi rauni, shi kam awon da likita ya ba shi zai bi.

Waɗanda za a guje wa

Tsidau, mai ƙayar nan da ke shimfiɗe a ƙasa tana huda tayar keke, ana shan ta a Indiya da Iran domin tsakuwa, kuma labarin ya iso nan ta wayar hannu. Makiyayan Afirka ta Kudu sun daɗe da sanin cewa tumakin da su ka ci ta da yawa su kan kumbura kai, su yi shawara, su mutu. A 2010 likitocin Iran su ka ba da labarin wani saurayi lafiyayye, ɗan shekara 28, wanda ya sha ruwanta kwana 2 don tsare kansa daga tsakuwa, ƙodarsa ta tsaya har sai da a ka yi masa wankin ƙoda. Garin neman gira ke nan.

Amma wanda ya fi kowanne haɗari shi ne duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa ko gaɗaukuka. Kada a rikita shi da itacen maɗaci. Shi wannan mai yaɗo ne, saiwarsa mai ɗaci ƙwarai, an daɗe ana shan ta domin ciwon ciki. Shi da danginsa a ko'ina cikin duniya suna ɗauke da wani dafi wanda ba ya kayar da mutum nan take. A hankali ya ke cin ƙoda, ta ƙanƙance, ta bushe, ba ta kuwa farfaɗowa. Turawa ma ba su gane haka ba sai da ya yi musu ɓarna. A birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, wajen 1990 zuwa 1992, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata ƙwayoyin da a ka haɗa da saiwoyin ƙasar Sin. Ashe a cikin kayan da a ka aiko an musanya wata saiwa da ɗan'uwan duman dutse. A 1993 a ka fara bayyana abin da ya faru, daga bisani waɗanda ƙodarsu ta lalace su ka wuce 100. Da a ka yi wa 39 daga cikinsu aiki a ka cire matattun ƙodojin, an sami ciwon daji a hanyar fitsarin 18.

Akwai kuma labarin da ya fi kusa da manomin alkama. A ƙauyukan da ke bakin rassan kogin Danub, a ƙasashen Bulgeriya da Rumaniya da Sabiya da maƙwabtansu, tun shekarun 1950 likitoci su ka lura da wani ciwon ƙoda da ke bin gidajen manoma, bai taɓa 'yan birni ba. An yi shekara wajen 50 ana zargin ruwan rijiya, ana zargin ƙasa. Sai a 2007 a ka sami shaidar dafin nan a cikin ƙodojin majinyata. Ashe wani irin duman dutse ne ke fitowa a gonakin alkamarsu kamar ciyawa, a girbe shi tare, 'ya'yansa su shiga gari, a ci burodi shekara da shekaru. Ɗan kaɗan-kaɗan ne ya kashe su. To, ina ga wanda ya jiƙa saiwar da kansa ya sha? Abin da ya sa a ka daɗe a kan wannan shi ne, sau da yawa a kan sayar da haɗi a daka shi gari, ko a ɗura shi a kwalba, ba mai sanin abin da ke ciki sai wanda ya haɗa. Masu magani na ƙwarai, irin dattawan da ke shiga dajin Falgore su ɗebo da hannunsu, ba su jin nauyin faɗin sunan itacen. Wanda ya ce sirri ne, a bar masa sirrinsa.

Sai kuma masu sa gudawa, irin su filasko. Mutane da yawa su na ganin magani bai yi aiki ba sai ya wanke ciki. Amma an riga an faɗi cewa hanji dabam, ƙoda dabam. Gudawa ba ta fitar da tsakuwar ƙoda, sai dai ta kwashe ruwan jiki, ga mutum da ma yana amai, ƙoda ta rasa abin da za ta tura tsakuwar da shi.

Jiƙon kanwa yana da ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa ya ke da wuyar kawarwa. Tsakuwar yurik ita kaɗai ce a ke iya narkarwa da magani, ta hanyar rage tsamin fitsari, kanwa kuwa tana rage tsami. Amma wannan 1 ce cikin 10, kuma ba mai sanin irin tasa sai an gwada. Ga sauran, kanwa 'yar'uwar gishiri ce: tana jawo kalsiyam cikin fitsari, tana tayar da jini, tsakuwar da ƙwayoyin cuta su ka haddasa kuwa ƙara mata girma ta ke yi. Kaɗan a miya ba kome, amma ban da shan ta kofi-kofi.

Tun da an zo kan gishiri, sai a faɗi abin da ya shafi tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a kwana, watau ƙaramin cokalin shayi guda, kuma har da wanda ke cikin magi da yajin tsire. Alayyafo, yakuwa, gyaɗa, riɗi, dankalin Hausa da baƙin shayi duk suna da oksalet da yawa. Ba a ce manomi ya bar su ba, in ya bar su me zai ci? Wanda ya taɓa yin tsakuwa ya rage, ya kuma riƙa haɗa su da nono. Mutane su kan yi mamakin wannan, su ce ai nono ne mai kalsiyam. Haka ne, amma in kalsiyam na nono ya gamu da oksalet a hanji, su kan kama juna su fita ta bayan gida, ba su isa ƙoda ba. Likitocin Parma ɗin nan sun gwada wannan ma a kan maza 120, su ka bayyana a 2002. An hana 60 nono da danginsa, an bar 60 su sha amma a ka rage musu gishiri da nama. Cikin shekara 5 tsakuwa ta komo wa 23 daga waɗanda a ka hana, 12 kaɗai daga masu sha. Saboda haka fura da nono ba abokan gaban mai tsakuwa ba ne. Lemon kwalba da kayan ciki su ne abin ragewa.

Ranar da za a ajiye jiƙo

Akwai alamun da in an gan su ba a kwana a gida. In ciwon kwiɓi ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, to, ƙwayoyin cuta sun taru a bayan tsakuwar, kuma suna iya shiga jini su kashe mutum cikin kwana 1 ko 2. Haka in fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana ruwa zama, ko mai ciwon mace ce mai ciki, ko yaro. A tafi asibitin Tiga, ko na Tudun Wada, ko na Doguwa, wanda ya fi kusa. Kada kuma a yi ta haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo na kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, kwana da kwanaki. Suna kwantar da wannan ciwo ƙwarai, likita ma da su ya kan fara, amma ga jikin da ya bushe da ƙishi su kan raunana ƙoda.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne lafawar ciwo. Ciwo ya kan tsaya don tsakuwa ta faɗa mafitsara. Ya kan kuma tsaya don ƙodar da a ka toshe ta gaji ta daina tura fitsari. Mutum ya tashi ya gode wa mai magani, ɗaya ƙodar tana ɗauke da aikin biyu, waccan kuwa tana mutuwa shiru cikin 'yan makonni. Ba zai sani ba sai ranar da ta biyun ta sami matsala, a ce sai wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ke cinye gona da shanu. Don haka kada a yarda an warke sai an ga tsakuwar da ido. A riƙa yin fitsari a cikin gwangwani, ko a tace shi da farin ƙyalle. In ta fito a wanke ta a ajiye, a kai wa likita, domin sanin irinta shi ne sanin abin da za a kiyaye. In an yi mako 4 ba a gan ta ba, ko ciwo ya tafi, a je a ɗauki hoton ciki. Hoton ne zai nuna ko ƙoda ta kumbura, ya kuma nuna ko gero ce ko gyaɗa. Akwai ƙwayar da ke sassauta hanya don matsakaiciya ta wuce. Babba kuwa, tun 1980 a birnin Munik na Jamus a ka fara farfasa ta daga waje da na'ura ba tare da yanka ba, yanzu kuma a kan zura siririn bututu ta hanyar fitsari a fasa ta da hasken leza. A Kano akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Abubakar Imam.

A ƙasar Tiga akwai ƙarin dalilin zuwa gwaji. Tun da a ka gina dam ɗin tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya zauna rani da damina a tafki da kanal, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta sami gida. Tsargiya ma tana sa fitsarin jini da ciwon mara, galibi jinin a ƙarshen fitsari ya ke zuwa. In ta daɗe ta kan ƙuntata hanyar nan ta ƙoda. Masunci ko mai ban ruwa yana iya shekara yana shan jiƙon tsakuwa alhali tsutsa ce ke cin sa, ga shi kuwa maganinta, praziquantel, sha ɗaya ne bisa nauyin mutum. Tsoho kuma da fitsari ke yi wa gardama, sau da yawa ba tsakuwa ba ce, wani ƙululu ne a ƙarƙashin mafitsara ya kumbura.

Ragon turke ma yana yin tsakuwa, kuma a nan ne manomi ya fi saurin ganin asara. A 2025 Babbar Salla ta faɗo a farkon Yuni, watau kiwon turke ya faɗa tsakiyar bazara, kowace shekara kuwa tana matsowa da wajen kwana 11. Mai kiwo yana son rago ya yi saurin ƙiba, sai ya cika shi da dusa da tsaba, ya rage masa harawa, ruwa kuwa sau ɗaya a yini. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali dabba tana bukatar kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2. Daga nan yashi-yashi ya taru a mafitsara, ya gangaro ya toshe ɗan siririn tsinin da ke kan gaban rago. Tunkiya ba ta cika samun wannan ba, don hanyarta gajera ce mai faɗi, dandaƙaƙƙe kuwa ya fi kowa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam, don haka kada a raba rago da su kome yawan dusa. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kullum, a inuwa. A nan gishiri aboki ne, ba kamar ga mutum ba: ɗan kaɗan a cikin dusa ya kan sa shi ƙishi ya sha da yawa.

In an ga rago ya bar ci, yana miƙa, yana yunƙuri kamar mai kashi, yana harbin cikinsa, fitsari kuwa sai ɗigo ko babu, kada a tsaya ɗura masa kanwa, gama ƙara masa za ta yi. A kira malamin dabbobi a ranar. Sau da yawa yanke ɗan tsinin nan kaɗai ya kan buɗe hanya, sa'an nan a bi shi da maganin da ke ƙara tsamin fitsari. In an bar shi kwana 1 ko 2 mafitsara ta kan fashe a ciki, rago ya yi kamar ya sami sauƙi, cikinsa ya cika da ruwa. In an yanka shi a wannan hali naman warin fitsari ya ke yi, mahauci ba zai saya ba.